Baki Ake Gwadawa ko Amana? Gasar Tallata Dabarun Kasuwanci a Makarantun Sakandare

Akwai wata irin gasa da ta samu gindin zama a makarantun sakandare a 'yan shekarun nan, musamman makarantun kuɗi da na manyan birane. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirƙiro dabarar wata sana'a ko kasuwanci, sannan a ba shi 'yan mintuna ya tsaya gaban alƙalai ya tallata ta. Yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18, majigi na haska musu hotuna da alƙaluma a bango, jawabin kuma kusan salo ɗaya ne duk inda ka je: ga matsalar da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya, ga maganin da muka zo da shi, ga yawan masu saye, ga ribar da za mu ci nan da shekara uku ko biyar, ga jarin da muke nema. Alƙalai su yi tambayoyi, su haɗa maki, a miƙa kofi da kuɗi ga rukunin da ya fi burge su. Al'adar daga Amurka ta taso. A can aka kafa ƙungiyar Junior Achievement a 1919 don koya wa matasa kasuwanci, reshenta ya iso Najeriya a 1999, sannan a 2002 wani malamin jami'a a jihar Kalifoniya ya kafa SAGE, wadda makarantun Najeriya suka sha cin kofinta na duniya. Amma salon tsayuwa gaban masu kuɗi a yi ta zuba cikin ƙurarren lokaci, talabijin ce ta yaɗa shi: wani shiri da aka fara a Japan a 2001, BBC ta ɗauka a 2005 da sunan Dragons' Den, Amurka ta yi nata Shark Tank a 2009. Abin da aka tsara don nishaɗin 'yan kallo shi ne yau ya shigo aji a matsayin hanyar tarbiyya.

Idan iyaye suka je wurin malamai a kan wannan gasa, abin da suka fi tambaya shi ne ko kyautar ta halatta. Wannan bai da wuyar amsa. Hadisi ya ambaci harbin kibiya da tseren raƙumi da na doki a matsayin gasar da ake sa wa lada, wasu malamai irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim suka faɗaɗa hukuncin ya haɗa da gasar ilimi, kuma malaman wannan zamani ba su ga aibi ba idan kyautar ta fito daga aljihun wanda ba ya cikin masu fafatawa. A kan wannan fahimta ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Inda ake tsoro shi ne a karɓi kuɗin shiga daga yara a tara shi ya zama kyautar wanda ya ci, don wannan ya kama hanyar caca. Tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ba a cika yi ba, ita ce: wane hali gasar ke saka wa yaro a kansa? Yaro ba ya koyon abin da aka rubuta a takardar manufofin gasa, yana koyon abin da ya ga an tafa wa. Ra'ayina shi ne gasar da ke ba da kofi ga wanda ya fi iya yin alkawarin gobe tana koya wa yaro ɓoye shakkarsa da aibin kayansa, kuma wannan shi ne ainihin abin da addini ya tsaya kai da fata ya hana ɗan kasuwa.

Musulunci yana da tasa jarrabawar ta matashi a kan dukiya, kuma tana nan a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i. Ayar ta umarci masu riƙon marayu su riƙa gwada su har su isa munzalin aure, idan an ga alamar hankalin riƙon dukiya a tare da su, a miƙa musu kayansu. Ayar da ke gabanta ta hana a damƙa dukiya a hannun wanda bai san darajarta ba. Malaman tafsiri da na fiƙihu ba su bar maganar a dunƙule ba. Sun ce a gwada kowane yaro da abin da ya dace da gidansu: ɗan ɗan kasuwa a gwada shi da saye da sayarwa da taya, ɗan manomi da sha'anin gona da biyan 'yan ƙodago. A ba shi ɗan abu kaɗan wanda in ya salwanta ba za a ji ciwo ba, a zuba masa ido, a maimaita har sai zuciya ta natsu. Malikawa sun ce abin da ake nema shi ne iya tattali da juya dukiya, Shafi'awa suka ƙara da gyaruwar addini. Duk wanda ka bi, abin lura ɗaya ne: jarrabawar aiki ce, tana ɗaukar lokaci, kuma wanda ya san yaron ne ke yanke hukunci. Ba a ce a zaunar da maraya ya bayyana yadda zai ninka gadonsa ba. Haka Manzon Allah (SAW) ya yi da Urwatul Bariƙi, kamar yadda Buhari ya ruwaito: ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, Urwa ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Addu'ar ta biyo bayan abin da aka gani a ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To, gasar tallata dabara me take aunawa? Mafi yawa iya magana ne, da kwarjini, da tsara hotuna. Annabi (SAW) da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan rauni na mai yanke hukunci. A hadisin Ummu Salama, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya faɗa wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, wani cikinsu zai iya fin wani iya tsara hujja, ya yanke masa hukunci bisa abin da ya ji, kuma duk wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Idan fiyayyen halitta ya ce zaƙin baki na iya karkatar da hukunci, ina ga ma'aikacin banki da aka zaunar ya saurari rukuni goma sha biyar kafin azahar? Binciken zamani ya tabbatar da haka. A 2014 wasu masana daga jami'o'in Harvard da Pennsylvania da MIT sun wallafa sakamakon gwajin da aka nuna wa mutane tallar kasuwanci iri ɗaya, kalma ɗaya, hoto ɗaya, sai dai wani lokaci muryar namiji ke karantawa, wani lokaci ta mace. Mafi yawa suka zaɓi wadda namiji ya karanta, kuma a gasa ta zahiri sun gano cewa namiji kyakkyawa ya fi samun karɓuwa. A ƙasarmu akwai ƙarin wani shinge, wato Turanci. Yarinyar da ta tashi tana ɗaukar tallar ƙosai ko awarar mahaifiyarta ta san uwar kuɗi, ta san riba, ta san kwantai, ta san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ta san yadda tsadar mai ke cinye ribar yini. Ilimin ciniki na gaske ke gare ta. Amma in aka tsayar da ita kusa da ɗan makarantar kuɗi wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba, ya kama zuba Turanci yana nuna jadawali, kowa ya san inda kofin zai tafi.

Wani zai ce ai alƙalan ƙwararru ne, sun san dabarar da za ta yi nasara. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga Najeriya ta fito. A 2011 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gasar YouWiN, ta manya ce ba ta 'yan makaranta ba, inda kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, kowanne ya samu kimanin dala 50,000 a matsakaici. Abin da ya sa gasar ta zama abin nazari shi ne wani kaso mai yawa na waɗanda suka ci an fitar da su ne ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe. David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya bi sawunsu shekaru. Ya gano cewa kuɗin ya yi aiki: waɗanda suka samu sun fi 'yan'uwansu kafa kasuwanci mai ɗorewa da ɗaukar ma'aikata. Amma da shi da Dario Sansone suka koma kan makin da alƙalai suka ba tsare-tsaren kasuwancin, sai suka tarar makin bai da wata alaƙa da wanda kasuwancinsa ya rayu ko ya ci riba bayan shekara uku. Har lissafin kwamfuta suka gwada, shi ma bai taɓuka abin kirki ba. Musulmi bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa abin da rai zai samu gobe cikin abubuwan da babu wanda ya sani sai Allah. Idan ƙwararru sun kasa hango makomar kasuwancin manya masu jari da gogewa, makin da ake ba yaro ɗan shekara 16 a kan ribar shekara ta biyar ba awon gaskiyar hasashensa ba ne. Awon ƙarfin halin da ya faɗe shi ne kawai.

A nan ne abin ya taɓa tarbiyya. Hadisin Hakimu ɗan Hizam, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya rataya albarkar ciniki a kan abu biyu: masu cinikin su yi gaskiya, kuma su bayyana. In suka yi ƙarya suka ɓoye, a shafe albarkar. Bayyanawar nan ita ce faɗin aibin kaya tun ba a tambaya ba. Muslim ya ruwaito labarin tsibin abincin da Annabi (SAW) ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Mai abincin bai furta ƙarya ba, tsari kawai ya yi: busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Yanzu a dubi yadda ake shirya yaro don gasa. Malami zai ce masa kada ya nuna kokwanto, kada ya ce bai sani ba, in an tambaye shi raunin dabararsa ya juya tambayar ta zama yabo, ya sa babbar lamba a farko, ya tura matsalolin can ƙarshe in lokaci ya rage. Wannan darasin tsara tsibi ne. Kuma kayan da yaron ke tallatawa ma babu su tukuna. Shi dai Hakimu ɗin ne aka hana sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma inda shari'a ta yi rangwame a kan kayan da ba su zo ba, wato cinikin salam, ta ɗaure shi da sanannen mudu, sanannen nauyi da sanannen lokaci, don kada a faɗa cikin abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Za a ce mini wannan tsanantawa ce. Kowa a zauren ya san lambobin nan ƙiyasi ne, babu wanda aka yaudara, babu kuɗin wanda aka ci, wasan koyo ne. Na yarda ba a ƙulla ciniki a zauren ba, don haka ban ce yaron ya yi haramun ba. Amma alƙali ne ya san ƙiyasi ne. Yaron abin da ya sani shi ne ya zauna da abokansa suka ce mutanen Najeriya sun haura miliyan 200, in ɗaya cikin ɗari ya sayi kayanmu mun samu miliyan biyu, suka ninka da farashi, lambar ta fito da sifili jere, ya faɗe ta da ƙarfin murya, aka tafa masa. Bai tambayi mutum goma a unguwarsu ko za su saya ba. Ya koyi cewa lambar da aka ƙago a ɗaki tana iya zama kuɗi a hannu muddin fuska ba ta nuna alamar shakka ba. Wasan koyo ai don ya zama hali ake yin sa. Ƙarshen wannan hanya, in ta yi nisa, an gan shi a Amurka. Elizabeth Holmes ta bar Jami'ar Stanford, ita ce ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana da shekara 19, da alkawarin na'urar da za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini, darajar kamfanin ta kai dala biliyan 9, alhali na'urar ba ta yin abin da aka ce. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka ɗaure ta fiye da shekara 11. Ba kowane mai iya talla ke zama haka ba, amma masu kuɗin da suka ba ta dukiyarsu abin da suka saya shi ne tabbacin da ke cikin muryarta. Shi ya sa umarnin Suratul Kahfi na kada mutum ya ce zai yi abu gobe ba tare da ya jingina ga nufin Allah ba ya wuce kalmar da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Horo ne na raba abin da ka sani da abin da kake fata, kuma ka bar mai sauraronka ya ga inda iyakar take.

Akwai wani ƙalubale da ya fi ƙarfi, kuma ina girmama shi. Yaranmu, musamman a Arewa, an rene su da kunya da sunkuyar da kai gaban manya, har ta kai mai basira ya kasa buɗe baki ya faɗi abin da ya iya, wasu su sha gabansa a neman aiki da tallafi. Gasar nan tana koya musu tsayuwa da magana, kuma addini bai ƙi wannan ba. Annabi Musa ya roƙi a haɗa shi da Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Annabi Yusuf ya gabatar da kansa ga sarkin Masar ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Duk gaskiya ne. Sai dai a duba da me Yusuf ya yabi kansa: tsare amana da sanin aiki, abubuwa biyu da ke tare da shi a lokacin, bayan an riga an ga fassarar mafarkinsa, kuma matan da suka yi masa ƙazafi sun wanke shi. Nana Khadija ma da ta ba Annabi (SAW) dukiyarta ya tafi Sham, abin da ta ji na gaskiyarsa da amanarsa ne ya sa, ba jawabin riba ba. Har tsarin zuba jari na Musulunci, wanda Malikawa ke kira ƙirali, a kan haka aka gina shi. Mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi. In aka yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. In kuwa aka shardanta wa mai aiki ya lamunce uwar kuɗi, ko ya kawo wani adadin riba tsayayye, yarjejeniyar ta ɓaci. Shari'a ta hana mai neman jari yin alkawarin da gasar ke ba shi maki a kai. Abin da ta bar masa ya tallata shi ne gaskiyarsa da ƙwarewarsa. A koya wa yaro magana, amma maganar ta zama a kan abin da ya yi da abin da ya gano.

Akwai kuma masu cewa irin wannan ra'ayi yana karya gwiwar yara, yana kuma ba malalata mafaka su fake da tawakkali. Za su kawo misalin 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis da ke Onitsha, waɗanda suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka a 2018 da manhajar gano jabun magunguna. Abin alfahari ne, kuma matsalar da suka ɗauko ta gaske ce, tana kashe mutane. Ba na son a rage wa yaro buri ko kaɗan. Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode ya ce a nuna masa kasuwa, ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Wannan buri ne, amma ya fara da cuku da man shanu da ya samo a ranakun farko. Ya kamata kuma mu san me gasar makaranta za ta iya yi. Wani nazari da Pierre Azoulay na MIT da abokansa suka yi da bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka ya nuna cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa shi ne 45. Ke nan mafi yawan dabarun da ake tallatawa a zauren makaranta ba za su zama kamfani ba, kuma ba laifi ba ne. Abin da zai wanzu shi ne yaron. Bayan shekara ashirin ko talatin zai riƙe kuɗin mutane a shago ko banki ko ofishin gwamnati, dabarar ta daɗe da mantuwa, halin da ya koya wajen tallata ta yana nan.

Kasuwanninmu sun daɗe da hanyar gwada matashi wadda ta fi kusa da ayar Nisa'i. A Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, yaron shago yakan fara da shara da ɗaukar kaya, sannan aike, sannan a bar masa shago ya yi ciniki, sannan a tura shi banki ko sari da kuɗi masu kauri. Ubangida na kallon abu ɗaya a kowane mataki: canji ya dawo daidai? In shekaru suka yi, a sallame shi da jari. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya gina fataucinsa na goro da gyaɗa ne a kan wakilan da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su yi saye, kuma irin wannan tsari ba ya tsayuwa sai da amana. Wannan hanya tana da nata gibin, bai kamata a rufe shi ba. Tana cin shekaru, wani ubangidan yakan ƙi sallamar yaro ko ya laƙa masa sata dab da lokaci, 'ya'ya mata ba su da gurbi a cikinta, kuma ta fi koya wa yaro maimaita sana'ar da ya tarar a kan ƙirƙiro sabuwa. Waɗannan su ne wuraren da makaranta za ta iya fin kasuwa: ta shigo da mata, ta buɗe ƙofa ga yaron da ba shi da kawu a kasuwa, ta ba sabon tunani daraja. Kuskuren shi ne ta ɗauki waɗannan ta jefar da gwajin amanar.

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, domin wasu gasannin sun riga sun kama hanya. A shirin kamfanin ɗalibai na Junior Achievement, yara kan sayar da hannun jari, su zaɓi shugabanni, su yi kaya su sayar, a ƙarshe su rufe kamfanin su ba da rahoto. SAGE ma tana neman kasuwancin da ya riga ya fara aiki. A kan wannan ya kamata makarantu su ɗora. A ba kowane rukuni ɗan jari iri ɗaya a farkon zango, su juya shi wata uku ko huɗu, su riƙe littafin shiga da fita da rasidai. Ranar gasa littafin ne zai fara magana kafin majigi. Mafi yawan maki ya tafi kan abin da za a iya tabbatarwa: mutum nawa suka saya, nawa suka dawo, wane ƙorafi suka yi, me aka gyara. A ware maki na musamman ga tambayar da mai saye na ƙwarai ke yi, wato mene ne aibin kayan nan, kuma rukunin da ya ce kayansa ba su da aibi ya rasa makin. A bar yaro ya yi bayani da Hausa ko duk harshen da yake ciniki da shi. Kafin a fara kuma a zaunar da su a karanta musu babin ciniki na Risala, domin Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi, kuma ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san tun a shafukan farko cewa ba a shiga aiki sai an san hukuncinsa.

Wannan tsari ma yana da matsaloli. Kuɗi na gaske yana jawo asara ta gaske, da rigima tsakanin yara, da shagala daga karatun jarrabawar WAEC da NECO. Amsar ita ce jarin ya zama kaɗan, kamar yadda malamai suka ce a gwajin maraya, kuma malami ya tsaya a matsayin waliyyi, domin a mazhabar Malik cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa amma zartuwarsa tana jiran amincewar mai kula da shi. Asarar kuwa tana cikin darasin. Rukunin da ya karye, ya zo ya buɗe littafinsa ya ce ga inda muka yi kuskuren farashi, ga bashin da muka bayar bai dawo ba, ya cancanci ya sha gaban rukunin da ya ci riba amma lissafinsa bai haɗu ba. Matsala ta biyu ta fi dabara: da zarar yara sun gane faɗin aibi na kawo maki, za su haddace ƙananan aibobi marasa ciwo su riƙa jerawa, tawali'un ma ya koma salon talla. Babu maganin wannan a cikin zaure. Sai alƙalai sun fita sun ga kayan da idonsu, sun kira mutum biyar ko goma daga cikin masu sayen da aka rubuta, sun gwada abin da yaron ya faɗa da abin da suka ji. Wannan yana nufin gasar ba za ta ƙare a yini ɗaya ba, alƙalai za su buƙaci kuɗin mota da lokaci, kuma hoton da banki ko kamfanin da ya ɗauki nauyi zai samu bai kai na yaro riƙe da ƙaton cek ƙayatarwa ba. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye ne za su zauna da masu ɗaukar nauyin tun kafin a sa ranar gasa, su nemi a rage kuɗin zaure da ado da kofi, a mayar da shi jarin yara da kuɗin zirga-zirgar alƙalai.